jemalloc, tcmalloc ko mimalloc: wanne ya dace da manhajar da za ta yi aiki a Linux, macOS da Windows?

Manhajar da aka rubuta da C ko C++ ko Rust, har ma da Python da Ruby waɗanda ƙasansu C ne, kullum cikin neman gurbi take a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ta kira malloc ta karɓi bayit 40, ta yi abin da za ta yi da su, ta kira free ta mayar. A uwar garke mai cunkoso hakan na iya faruwa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Shi kuwa kanel, wato zuciyar babbar manhaja irin su Linux ko Windows, ba ya sayar da ɗaiɗai, sari yake bayarwa, shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4 a yawancin kwamfutoci, ta hanyar mmap a Linux da macOS da FreeBSD, ko VirtualAlloc a Windows. Wanda ke saro shafukan nan ya yayyanka su ya miƙa wa manhaja gwargwadon buƙatarta shi ne mai rabon ƙwaƙwalwa, kuma kowace babbar manhaja da nata take zuwa.

To me zai sa mutum ya ajiye na gida ya ɗauko wani? Galibi ɗayan abu uku ne. Ko dai zarurrukan aiki, wato sassan manhaja da ke gudana lokaci guda, sun yi yawa suna layi a kan makulli guda, ko manhaja tana ta kumbura kwana da kwanaki alhali ba yoyo take yi ba, wato ba mantawa take yi da mayar da guraben da ta karɓa ba, ko kuma ana son kayan bincike da za su nuna wane layi ne ke cinye RAM. Sunaye uku ne ke fitowa duk lokacin da aka tayar da maganar: jemalloc, tcmalloc da mimalloc. Yawancin masu kwatanta su jadawalin gudu suke kawowa, wannan ya fi wancan da kaza cikin ɗari. Ni a wurina ba a nan gizo ke saƙa ba. Dukkansu ukun suna da sauri, kuma wanda ya zo na ɗaya a wannan gwajin yakan zo na uku a wancan. Abin da zai cinye maka makonni shi ne yadda za ka gina laburaren ka shigar da shi cikin manhajarka a kowace babbar manhaja da kake fitar da kayanka, ba tare da wani gurbi ya fito daga hannun mai rabo ɗaya ya koma hannun wani ba.

Kafin a je ga baƙi, a fara duba na gida. Na glibc, laburaren C da ke kusan kowace Linux, jikan dlmalloc ne da Doug Lea ya fara a 1987, ta hannun ptmalloc na Wolfram Gloger. An daɗe ana kushe shi da jinkiri, amma tun siga ta 2.26 a 2017 aka ba kowane zare 'yar ma'ajiyarsa ta kusa, wato tcache, kuma tazarar gudu tsakaninsa da sauran ta ragu sosai a ayyukan yau da kullum. Inda har yanzu yake ciwo shi ne kumburi. Don rage layi a kan makulli yakan buɗe fagage daban-daban, waɗanda takardunsa ke kira arena, har ninki 8 na yawan ƙwayoyin masarrafa a tsarin bit 64. Na'ura mai ƙwaya 16 na iya tara fage 128, kowanne da ragowarsa da ba ya iya ba maƙwabcinsa. Shi ya sa masu gudanar da Ruby da Java suka saba da wannan layin:

MALLOC_ARENA_MAX=2

Ka sa shi a muhallin manhaja, ka bar ta ta yi kwana biyu, ka duba. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, kuma wanda ke biyan hayar ƙaramar uwar garke mai gigabayit 1 ko 2 da dala ya san darajar gyaran da bai ci ko sisi ba. Akwai kuma malloc_trim(0), wanda idan aka kira shi lokaci-lokaci yakan mayar wa kanel shafukan da suka zama fanko a tsakiyar tari. Sai waɗannan biyun sun gaza nake ganin canjin mai rabo ya zama dole.

Windows da macOS ma ba su zo hannu rabbana ba. A Windows malloc na miƙa buƙata ga HeapAlloc, wanda tun zamanin Vista yake amfani da tsarin rage gutsuttsurewa kai tsaye, kuma daga Windows 10 siga ta 2004 manhaja na iya zaɓar sabon tsarin segment heap ta fayil ɗinta na manifest. Wanda ya fi kowa buƙatar canji shi ne mai amfani da musl, ƙaramin laburaren C da ke maye gurbin glibc, wato masu gina kwantena a kan Alpine Linux da masu fitar da manhajar Rust dunƙulalliya. Mai rabon musl an tsara shi ne don ƙanƙanta da tsaro, makulli ɗaya ne ke tsare da shi, saboda haka da zarurruka sun yi yawa sai tafiya ta yi nauyi. Dalilin da ya sa ripgrep, manhajar neman kalmomi a cikin fayiloli, ke ɗaukar jemalloc idan an gina shi da musl a bit 64 ke nan, alhali a sauran wurare na gida yake bari.

jemalloc shi ne dattijon cikinsu ta fuskar gogewa a fagen fama. Jason Evans ne ya fara shi a 2005 domin FreeBSD, ya zama mai rabonta na asali daga siga ta 7.0, Firefox 3 ya ɗauke shi a 2008, daga baya Evans ya koma Facebook inda aka ci gaba da renon laburaren a kan dubban uwayen garke. Ƙarfinsa yana wajen hana kumburi a manhajar da ke yin watanni ba a kashe ta ba. Yana kasa buƙatu aji-aji: 8, 16, 32, 48, 64, 80, 96, 112, 128, sai 160, 192, 224, 256, haka dai aji huɗu a kowane ninki. Idan ka nemi bayit 130 zai ba ka gurbin 160, ka yi asarar 30, amma tsarin ya tabbatar asarar irin wannan ba ta wuce kusan kashi 20 cikin ɗari ba a manyan ajujuwa. Kowane aji da shafukansa, don haka ƙaramin abu mai dogon rai ba zai zauna tsakanin manya biyu ya hana a haɗe gurbinsu ba. Shafin da ya zama fanko kuma ba nan take ake mayar wa kanel ba, ana sakinsa ne a hankali cikin daƙiƙa 10, lokacin da za ka iya ragewa ko ƙarawa da dirty_decay_ms. Wannan ne ya sa Redis, rumbun bayanai da ke ajiya a RAM, ya mai da shi na asali a Linux tun 2011, har yana ɗauke da kwafinsa a cikin babban fayil na deps, kuma aikin tattara gutsattsari da Redis ke yi yana cikin gudana sai da wannan kwafin yake yiwuwa.

Abu na biyu da ke sa mutane manne wa jemalloc shi ne yadda yake buɗe cikinsa. Da layi guda a MALLOC_CONF za ka sa shi ya buga cikakken lissafi lokacin da manhaja ke rufewa, aji nawa, gurbi nawa ke hannu, nawa ke jiran saki. Idan an gina shi da --enable-prof, sai ka kunna prof:true, ya riƙa ɗaukar samfuri kusan kowane kilobayit 512 da aka raba, ka karanta sakamakon da jeprof ka ga wane aiki ne ya kira wane har aka tara gigabayit ɗin da kake nema. Nauyin wannan bincike kaɗan ne, ana iya barinsa a kunne a uwar garken da ke hidima. Duk wanda ya taɓa farautar yoyon da sai bayan mako guda yake bayyana ya san ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Gina shi a Linux da FreeBSD tsohuwar hanya ce sananniya: ./autogen.sh, sai make, sai make install. Amma akwai tarko ɗaya da nake so a tsaya a kansa, domin yana ƙara kama mutane yanzu da na'urorin ARM suka yawaita. jemalloc yana ƙulle girman shafi ne a lokacin gini. Ka gina shi a kwamfuta mai shafin kilobayit 4, ka kai manhajar kan Raspberry Pi 5, wanda kanel ɗinsa na asali ke amfani da shafin kilobayit 16, kafin ta yi komai za ta buga wannan ta faɗi:

<jemalloc>: Unsupported system page size

Haka abin yake a Asahi Linux da ke kan kwamfutocin Apple, da wasu uwayen garke na ARM masu shafin kilobayit 64. Maganin shi ne ka faɗa masa tun wurin configure: --with-lg-page=14 don kilobayit 16, ko 16 don kilobayit 64. Wanda aka gina da babban shafi yana aiki a na'ura mai ƙaramin shafi, akasin haka ne ba ya yiwuwa, don haka mai fitar da manhaja guda don duk na'urorin ARM gara ya zaɓi --with-lg-page=16 ya haƙura da ɗan ƙarin RAM da za ta ci. Masu Rust suna yin haka ta JEMALLOC_SYS_WITH_LG_PAGE. Tarko na biyu yana kama masu cusa jemalloc cikin laburaren da ake lodawa daga baya da dlopen, misali ƙari na Python, inda za a ga ƙorafin cewa babu gurbi a static TLS. Wannan kuma --disable-initial-exec-tls ne maganinsa.

Da an bar Linux da FreeBSD sai jemalloc ya fara zama baƙo. A macOS sunayen ayyukansa kan fito da je_ a gaba, je_malloc da je_free, sai ya bi ta tsarin zone na Apple don ya karɓi ragamar malloc. Redis da kansa na gida yake amfani da shi a macOS. A Windows akwai fayilolin Visual Studio a cikin babban fayil na msvc, amma kafin ka buɗe su sai ka girka Cygwin da autoconf ka gudanar da autogen.sh don a samar da kawunan fayiloli, kuma bayan duk wannan wahalar ba zai maye gurbin malloc da kansa ba, kai ne za ka riƙa kiran je_malloc. Vcpkg, mai girka laburare na Microsoft, yana rage wahalar ginin, amma ba ya sauya wannan gaskiyar ta ƙarshe. Rust ya cire jemalloc daga matsayin na asali a siga ta 1.32 a Janairun 2019, ya bar wa kowa ya zaɓa da #[global_allocator]. Android da ya yi shekaru a kansa ya koma wani mai rabo mai suna Scudo daga siga ta 11. Sannan siga ta 5.3.0 ta fito a Mayun 2022, a Yunin 2025 aka rufe ma'ajiyarsa ta asali a GitHub, Evans ya rubuta bayanin yadda aka kai ga haka. Laburaren bai lalace don wannan ba, FreeBSD da Redis da ClickHouse suna nan a kansa, amma wanda zai ɗora sabon aiki na shekara goma ya leƙa ma'ajiyar ya ga wa ke karɓar gyara kafin ya yanke shawara.

tcmalloc kuwa sai an fara tambaya: wanne daga ciki? Domin biyu ne masu suna ɗaya, kuma rikita su na jawo ɓata lokaci. Na farko yana cikin gperftools, wanda Google ta saki a 2005, aikin su Sanjay Ghemawat. Shi ne ake samu a rumbun Debian da Ubuntu, ana gina shi da autotools ko CMake, yana aiki a Linux da FreeBSD da macOS, a Windows kuma ƙaramin nau'insa tcmalloc_minimal ne ke tafiya, ta hanyar sauya farkon ayyukan malloc a ƙwaƙwalwa lokacin da manhaja ke tashi. Yana da kayan bincike masu sauƙi: ka sa HEAPPROFILE, ka karanta da pprof. Tsarinsa ya yi tasiri ƙwarai, mai rabon harshen Go ma daga gare shi aka samo fasali.

Na biyu shi ne wanda Google ta saki a 2020, wanda take amfani da shi a cikin gida. Maimakon ma'ajiya ga kowane zare, shi ma'ajiya yake yi ga kowace ƙwayar masarrafa, da taimakon wani tsari mai suna rseq da ya shigo kanel ɗin Linux a siga ta 4.18. Ka ɗauki manhaja mai zare 2000 a na'ura mai ƙwaya 32: tsohon tsari ma'ajiya 2000 zai tara, kowacce riƙe da 'yan gurabenta ko da zaren barci yake, sabon kuwa 32 kacal. Ya kuma san yadda ake cika manyan shafuka na megabayit 2 ba tare da farfasa su ba, abin da ke rage wa masarrafa wahalar neman adireshi. MongoDB ya koma kansa a siga ta 8.0. Sai dai sharuɗɗansa masu tsauri ne. Linux kaɗai yake yi. Da Bazel, tsarin gini na Google, aka tsara gina shi, kuma yana jan laburaren Abseil a bayansa. Daga glibc 2.35 kuma glibc kanta takan riga shi rajistar rseq, sai ya koma tsohon tsarin ma'ajiyar zare ba tare da ya yi ƙorafi ba, sai ka sa GLIBC_TUNABLES=glibc.pthread.rseq=0 kafin ka sami abin da ka zo nema. Idan kamfaninku na da ɗaruruwan uwayen garke na Linux, kuma da ma da Bazel kuke gini, wannan naku ne. Idan kana da ko da kwastoma ɗaya a Windows, cire shi daga lissafi.

mimalloc shi ne ƙaramin cikinsu, a shekaru da kuma a girma. Daan Leijen na sashen bincike na Microsoft ne ya fitar da shi a 2019, asali don harsunan Koka da Lean, waɗanda ke raba ƙananan gurabe barkatai suna mayarwa nan da nan. Dabararsa ita ce kowane shafi nasa, yawanci kilobayit 64 mai ɗauke da aji guda, yana da jerin guraben fanko na kansa, kuma jerin ya kasu uku: wanda ake rabawa daga ciki, wanda zaren da ya mallaki shafin ke mayarwa, da wanda sauran zarurruka ke mayarwa. Idan zare na biyu ya saki gurbin da na farko ya karɓa, jefa shi kawai zai yi a jeri na uku da umarnin masarrafa guda, ba makulli ba jira. Abubuwan da aka raba a jere kuma suna zama kusa da juna, masarrafa ta same su cikin sauƙi. Python 3.13 da ta fito a Oktoban 2024 tana ɗauke da shi a cikinta, kuma nau'inta marar GIL, wato makullin da ke hana zarurruka biyu gudanar da Python lokaci guda, bai ginuwa sai da shi. Akwai kuma MI_SECURE, wanda ke sa shafukan gadi, ya ɓoye adireshin da ke cikin jerin fanko, ya hargitsa tsarin rabo, a kan kusan kashi 10 cikin ɗari na gudu bisa ƙiyasin masu shi.

Amma abin da ya sa nake fifita shi ga mai manhajar da ke yawo tsakanin manyan manhajoji shi ne gininsa. CMake ne, umarni iri ɗaya a Linux da macOS da Windows da FreeBSD. Idan ma ba ka son CMake, akwai fayil guda, src/static.c, ka jefa shi cikin aikinka ka harhaɗa tare da sauran, shi ke nan. Girman shafin na'ura kuma tambayar kanel yake yi lokacin tashi, don haka matsalar Raspberry Pi 5 ba ta taso ba. Lasisinsa MIT ne. Na sauran ma ba su da takura: jemalloc da gperftools BSD, sabon tcmalloc Apache 2.0.

Yanzu ga inda manyan manhajojin suka rabu da gaske, wato yadda baƙon mai rabo ke karɓe malloc. A Linux abin kamar wasa ne, ko sake gini ba ka buƙata:

LD_PRELOAD=/usr/lib/x86_64-linux-gnu/libjemalloc.so.2 ./manhajata

Mai loda laburare zai sa wannan a gaba, duk wanda ya kira malloc, har glibc kanta, shi zai samu. Kada ka ɗauka ya shiga don kawai manhaja ta tashi, domin idan hanyar fayil ɗin ba daidai ba ce gargaɗi ɗaya za a buga a ci gaba da na gida. Nemo lambar aikin ka yi grep jemalloc /proc/lambar/maps, in ka ga layukansa to ya shiga. Da mimalloc kuwa MIMALLOC_VERBOSE=1 zai sa ya sanar da kansa. Wannan sauƙin ne ya sa nake cewa duk gwajin farko a Linux a yi shi: cikin yini guda za ka ɗora ukun ɗaya bayan ɗaya a kan aikinka na gaske. Idan haɗin dindindin za ka yi, a sa mimalloc.o a farkon jerin fayilolin da ake haɗawa, domin wanda ya riga zuwa shi ake ɗauka.

A macOS takwaran wannan shi ne DYLD_INSERT_LIBRARIES, amma tun sigar El Capitan a 2015 kariyar SIP ke goge irin waɗannan saituna idan manhajar ta tsarin Apple ce. Abin da ke rikita mutane shi ne, ko manhajarka ce, idan ka tashe ta ta cikin rubutun da /bin/sh ke gudanarwa, saitin ya ɓace a hanya, babu kuma wanda zai gaya maka. Manhajar da aka sa wa hannu da hardened runtime, wadda ita ce ake buƙata kafin Apple ta tantance ta don rabawa, ita ma ba ta karɓarsa sai da izini na musamman. Saboda haka a macOS wannan hanya ta gwaji ce kawai, abin da za ka fitar wa jama'a a haɗa shi tun wurin gini.

Windows ba ta da makamancin LD_PRELOAD ko kaɗan, kowane DLL, wato fayil ɗin laburare na Windows, ya riga ya san daga wane DLL zai ɗauki malloc ɗinsa. A nan ne mimalloc ya yi wa sauran nisa, kuma ga yadda abin yake dalla-dalla. Ka gina manhajarka da /MD, wato ta yi amfani da laburaren C na tarayya, domin da /MT kowane yanki na ɗauke da kwafinsa a ciki, babu abin da za a karkatar. Ka haɗa ta da DLL ɗin mimalloc, ka kira mi_version() sau ɗaya a cikin main don kada mai haɗawa ya ga ba a amfani da shi ya yar. Ka ajiye mimalloc-redirect.dll a babban fayil ɗaya da shi. Lokacin tashi wannan ƙaramin DLL zai karkatar da duk kiran malloc da free na laburaren C zuwa mimalloc, har na sauran DLL da ba kai ka rubuta ba. Ana so ya kasance a farkon jerin abin da ake lodawa, kafin wani ya riga ya karɓi gurbi, kuma akwai minject da ke gyara wannan jeri a fayil ɗin exe da aka riga aka gina. Bit 32 da ARM64 kowanne da nasa fayil ɗin karkatarwa. Abu ɗaya da ya kamata a sani: shi wannan DLL a gine yake zuwa, ba a saki rubutunsa ba. Ma'aikatar da dokarta ta ce komai sai an gina daga tushe ba za ta iya amfani da shi ba, sai ta tsaya ga mimalloc-new-delete.h, wanda ake sawa a fayil guda ya karɓe new da delete na C++ kaɗai.

Wannan rabin karɓewa shi ne mafi haɗari a duk harkar, kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci. Ka ce ka bi rubutunka ka mai da kowane malloc ya zama mi_malloc, kowane free ya zama mi_free. Sai wani wuri ka kira strdup ko getline ko realpath, waɗanda laburaren C ke raba musu gurbi da nasa mai rabon, ka zo ka saki abin da mi_free. Ko wani laburaren waje ya karɓi gurbinka ya sake shi da free na gida. Manhaja ba lallai ta faɗi a wurin ba, tana iya yin awa uku lafiya sannan ta faɗi a wani wuri da ba shi da alaƙa da laifin. Windows ta ƙara nata: abin da aka karɓa da _aligned_malloc sai _aligned_free, alhali a Linux abin da posix_memalign ya bayar free ne ke sakinsa, don haka rubutun da ke daidai a Linux ɓarna ne a Windows. Ƙa'idar da nake bi ita ce ko dai a karɓe malloc gaba ɗaya a duk manhajar, ko kuma a killace baƙon a wani yanki da gurabensa ba sa fita waje. Mai rubuta laburare don wasu kuma kada ya karɓe malloc ɗin mutane, ya ba su aikin saki nasa, wanda ya raba shi ya karɓa.

Wajen aunawa ma manyan manhajojin ba harshe ɗaya suke yi ba. Linux takan yi alƙawarin RAM fiye da abin da take da shi, sai an taɓa shafi ake lissafa shi, don haka babbar lambar VIRT da kake gani a top ba abin tsoro ba ce, RSS ake kallo, wato RAM ɗin da manhaja ke riƙe da shi da gaske. Windows kuwa duk abin da aka tabbatar da VirtualAlloc yana shiga lissafi ko ba a taɓa shi ba, kuma idan an kai iyaka sai a hana. Ko a Linux ɗin, mai rabon da ya mayar da shafi da MADV_FREE, wanda ya shigo a kanel 4.5, RSS ɗinsa ba ya sauka sai kanel ya matsu ya zo ya karɓa, saɓanin MADV_DONTNEED da ke saukar da shi nan take. Wannan ruɗani ne ya sa Go ya koma MADV_DONTNEED a siga ta 1.16. Kada ka yanke wa mai rabo hukunci da gwajin minti biyar, kumburi sai an kwana ake ganinsa. Ka kuma bar wa kanka maɓalli a tsarin gini na kashe baƙon gaba ɗaya, domin kayan farautar kurakurai irin su AddressSanitizer da Valgrind su ma malloc suke karɓewa, kuma jemalloc ya daina tallafa wa Valgrind tun siga ta 5.0.

Idan manhajarka uwar garke ce a Linux ko FreeBSD, mai daɗewa a kunne, kuma damuwarka kumburi ne da sanin inda RAM ke tafiya, jemalloc nake ba ka, da background_thread:true a kunne don sakin shafuka ya ci gaba ko manhaja ta yi shiru, da kuma --with-lg-page=16 idan ARM na cikin lissafi. Idan manhajar tebur ce, ko wasa, ko kayan aiki na layin umarni da za a sauke a Windows da macOS da Linux, mimalloc ne, ba don ya fi kowa gudu a kowane gwaji ba, sai don za ka gina shi da umarni ɗaya a ko'ina kuma ya karɓe malloc a Windows ta hanyar da masu shi ke kula da ita. Gperftools yana da amfani ga wanda ya gaji tsohon aiki da ke kansa, ko mai son pprof cikin gaggawa, amma ba zan fara sabon aiki mai yawo da shi ba. Babu kuma dokar da ta ce sai mai rabo ɗaya a ko'ina: layi uku a CMake sun isa su ce jemalloc a Linux, mimalloc a Windows, na gida a macOS, muddin rubutunka malloc da free kawai yake kira bai san sunan kowa ba. A Android da iOS da OpenBSD kuwa ka bar na gida, domin an zaɓe su ne saboda tsaro, kuma ɗan gudun da za ka samu bai kai kariyar da za ka cire wa masu amfani da manhajarka ba.